Zafin Wa?

Ungozoma ta ɗaga harshen jaririna da yatsa, ta ja tsaki.

"Har yanzu ba a yanke linzamin nan na ƙarƙashin harshe ba? Harshen a ɗaure yake, shi ya sa yake tauna ki maimakon tsotso."

Sati biyar ina cizon bakin zane duk shayarwa, nono ya tsage har jini. Kullum mijina sai ya shafa bayana, ya ce, "Yi haƙuri, haka haihuwar fari take."

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

"Ranar haihuwa na nuna wa babansa. Ya ce kar a taɓa masa ɗa, zai ji zafi."

Na waiwaya. Mijina bai ɗago ba. Hannunsa na nan kan bayana, yana shafawa.