Ba Gajiya

Tun da aka kawo tabarmar nan mai yin ja a ƙarƙashin duk wanda ya yi ƙarya, masu zaman sulhu suka daina gaisawa. Wa zai ce "lafiya lau" tabarma ta kunyata shi?

Inna Tabawa, mai shiga tsakani, ta ce ita kam ba ta zama da mutum ba gaisuwa. Ta dubi Jatau, shugaban 'yan tawaye, da mayaƙansa da ke zaune bayansa.

"Sannunku da zuwa. Ina gajiya?"

"Ba gajiya," suka amsa gaba ɗaya, don baki ya riga ya saba.

Nan take ƙarƙashin mayaƙan ya yi jawur. Inda Jatau yake kuwa fari fat. Shekara da shekaru ana yaƙi, mutumin nan da gaske bai gaji ba.

Wakilin gwamnati ya raɗa mata, "Inna, mu tashi. Wannan ba sulhu ya kawo shi ba."

"Kai dai zauna."

Ta gyara mayafi, ta kau da kai daga Jatau, ta fuskanci mayaƙan.

"To, 'ya'yana, da ku zan yi magana."