Kujerar Mai Rakiya

Tun da na'urar juye tsoro ta iso Gusau, ba mai zuwa wurin likitan haƙori shi kaɗai. Waya ake ɗaura wa mai rakiya a hannu, sai tsoron majiyyaci ya koma jikinsa. Wai tsoho ya fi dacewa, don ya ga jiya ya ga yau. Na tsufa ina koyarwa, ban taɓa ganin hujjar wannan magana ba.

Sagiru, ɗan ƙanena, ya zo da kumburarren kunci, wai in raka shi. "Gwaggo, ke da ko mutuwa ba kya tsoro?"

Na ce masa zuciyata ba ƙwari. Ya ce mota na jira.

Injin haƙori na fara ƙara, tsoron ƙaton namiji ya faɗo mini a ƙirji. Na ciji mayafina. Shi kuwa ya lumshe ido kamar mai shan iska.

Da aka gama ya dubi zanena da ya jiƙe, ya toshe hanci.

"Haba Gwaggo, a gaban mutane? Ki riƙa daurewa mana. Saura haƙorin sama, sai ran Laraba."