Motar Tsohon Soja da Aka Kankare wa Shaida

Kai da kake ɗokin sabunta abin da aka bar maka gado, zauna in ba ka misalin wani mai walda, don ba kowace tsatsa ake kankarewa ba.

Mutumin nan ubansa tsohon soja ne, cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin duniya na biyu. Da aka sallame su, soja suka yi gwanjon tsofaffin motocinsu, tsohon ya sayi wata babba mai gajeren hanci. Ya ce ita ce ya tuƙa da hannunsa yana kai mayaƙa bakin daga, da lambarta ya gane ta. Ya yi dakon gyaɗa da ita har ta gaji, ya jingine ta a bayan gida, kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki. Mutanen gari kuwa ba su taɓa gaskata shi ba. A majalisa cewa ake yi wankin tukwane ya je yi wa Turawa, tuƙin nan a baki ne kawai. Da wannan baƙin cikin aka kai shi kabari, ɗan ya gaji motar, ya gaji gorin.

Ana nan sai labarin motar ya kai kunnen wani masani mai tattara kayan yaƙi don gidan tarihi. Ya aiko cewa yana nan tafe bayan damina, da kundin lambobin motocin rundunar da sunayen direbobinsu. In lamba ta dace, motar za ta shiga gidan tarihi da sunan tsohon a jikinta. Ya ƙara da cewa don Allah a bar ta yadda take, kada a wahala. To, ka san halinmu. Wane baƙo ne bai ce kada a wahala ba, wane maigida ne kuma ya fasa yanka kaza saboda haka? Mai walda ya ɗauki maganar kara ce irin ta baƙi. Ya dubi motar, daga tsatsa sai kashin kaji, kunya ta rufe shi. Ya rantse ba za a ga motar ubansa cikin tsumma ba, ga shi kuwa duk garin babu mai hannunsa a aikin ƙarfe.

Wata uku ya rufe shago yana kanta, kuma Allah ya sani ba mugunta ta sa shi ba, ƙauna ce. Fitilar gaba da aka rufe da murfin ƙarfe aka bar 'yar tsaga, ya zaci dabarar talauci ce ta tsohon, ya ɓalle ya sa sabuwa mai haske. Bai san haka ake yi wa motar yaƙi don kada jiragen abokan gaba su hango ta ba. Ramukan harsashi uku da ke jikin ƙofarta ya like su sumul. Fentin da ya hau kan fenti, wanda a ƙarƙashinsa tambarin runduna yake kwance, ya bi shi da injin gurza har sai da farin ƙarfe ya fito. Wani ɗan allon tagulla da ya yi baƙi ƙirin kusa da sitiyari ya ɓamɓare shi ya jefa cikin tarkace. Gindin casis, wato ƙashin bayan motar, inda tsatsa ta ci, ya yanke kamu guda ya jona sabon ƙarfe, jonin da ko mai ido biyu ba zai gane ba. Tarkacen duka ya kira 'yan gwangwan suka kwashe don a share wuri. Sannan ya fesa mata kore mai sheƙi, har mutum na ganin fuskarsa.

Ranar da masanin ya iso, mai walda ya gayyato dattawan majalisar nan ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa musu tabarma don su sha kunya da idonsu. Baƙon bai ko dubi sheƙin ba. Ya leƙa gefen sitiyari, ya tarar da gurbin ƙusa huɗu babu allo. Ya kwanta ƙarƙashin motar da babbar rigarsa, ya shafa daidai inda masana'anta ke buga lamba, hannunsa ya sauka kan sabon ƙarfe. Ya tambayi inda tsohon guntun yake, aka ce ai tuni ya shiga wuta a wajen masu narka. Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya rufe kundin da ko shafi biyu bai buɗa ba. Ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau. Amma irin wannan motar an ƙera dubbai, har bayan yaƙi. Abin da zai ce wannan ce ta mahaifinka, kai ka cire shi."

Dattawan ba su yi dariya ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Sallama kawai suka yi suka sa takalmansu, ɗaya yana ce wa na kusa da shi dama ya faɗa. Shekara da shekaru motar nan tana tsaye cikin ruwa da rana riƙe da gaskiyar tsohon, ba ɓarawon da ya taɓa ta, ba maƙiyin da ya iya ƙaryata ta, sai da ɗan cikinsa ya zo da kayan aiki. Har yau tana bayan gidan tana sheƙi, shi kuwa ya daina bi ta ƙofar bayan gidan, kuma ko a gaban 'ya'yansa bai ƙara cewa ubansa direban soja ne ba. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido.