Ƙafafun Mama

Auta ta hau benen nan tana tsallake matakala bibbiyu, jakar aiki na dukan ƙugunta, tukunyar narkar da kaki na ƙwal-ƙwal a ciki. Ita kaɗai take ta murmushi kamar wadda aka yi wa albishir.

Tunda ta fara koyon cire gashi a shagon Anti, aikinta bai wuce narkar da kaki da yanka ƙyallaye da riƙe wa mata hannu in za a fizge ba. Yau ne karon farko da Anti ta aike ta aikin gida ita kaɗai. Ta ja mata kunne cewa matar babbar kwastoma ce mai tsirfa, a hawa na sama take, kuma in ta yaba, daga yau fita aikin gida ya zama na Auta.

A saman ta tarar da ƙofofi biyu suna kallon juna, ɗaya a rufe, ɗaya an sakaya ta. Ashe har jiranta ake yi. Ta yi sallama ta kutsa.

Wata dattijuwa ce a kishingiɗe kan doguwar kujera, talabijin na ta ɓaɓatu, sandarta jingine a gefe. Ta ɗaga murya ta tambaya ko mai gashin ce. Auta ta durƙusa ta ce ita ce. Mama ta ce 'yarta ta faɗa mata za a turo sabuwa, amma ba ta zaci 'yar ficiciya haka ba.

Auta ta kashe ƙarar wayarta yadda aka koya mata, ta jona tukunya, ta shimfiɗa tawul. Mama ta tattare zani zuwa gwiwa, ta ce a fara da ƙafar hagu, ita ta fi damunta. Auta ta duba ta ga ai duk biyun gashin ya yi musu kaca-kaca, amma ba a musu da kwastoma.

Ta barbaɗa hoda, ta ɗiga kakin a bayan hannunta ta ji zafinsa daidai, sannan ta lakato da ɗan katako ta shafa daga gwiwa zuwa ƙauri. Mama ta lumshe ido, ta ce wannan ɗumin har cikin ɓargo, waccan ta baya ban da murza da lanƙwasa ba abin da ta iya. Kan Auta ya fasu. Ta manna ƙyalle, ta danne fata, ta fizge.

Mama ta zabura ta yi salati, har ɗankwalinta ya zame. Ta tsaya tana kallon ƙyallen da abin da ya kwaso.

"'Yar nan, haka ake yi yanzu?"

"Haka ne, Mama. Daga saiwa ake ciro shi, shi ya sa yake jimawa bai dawo ba."

"To ciro shi, don Allah. Na gaji da shi."

Daga nan wasa ya kankama. Kowace fizga Mama sai ta yi ƙara, ta kwashe da dariya har da hawaye, Auta ma ta kasa riƙe tata. A tsakani Mama ta ba ta labarin marigayi mijinta, da yadda take tiƙar rawa a zamaninta, ta kuma tambaya zuwa nawa za a yi kafin ta rabu da abin. Auta ta ce in ana yi a kai a kai, raguwa zai dinga yi har ta manta da shi. Daɗi ya sa Mama ta miƙo ta dama. Da aka gama, Auta ta yi mata gyaran gira da gashin leɓe kyauta. Mama ta ce ba ta san har nan abin yake kaiwa ba, amma masu ilimi sun fi ta sani.

Ƙafafu suka fito sumul suna sheƙin mai. Mama ta miƙe, ta taka, ta sake takawa, ta rantse jikinta ya yi sakayau. Ko sandar ba ta waiwaya ba, ta rako Auta tana 'yar rausaya tana sa mata albarka.

A bakin ƙofa Auta ta zaro waya don ta yi wa Anti albishir, sai ta ga kiran Anti jere reras. Ɗaya ƙofar kuma yanzu a buɗe take, wata 'yar gayu ta harɗe hannu tana zuba wa jakar Auta harara. Sai ga wata mata cikin farar rigar asibiti ta ƙaraso saman benen tana haki.

"Mama, a yi haƙuri na makara," in ji ta. "Ni ce mai gashin ƙashin da aka turo saboda ciwon gwiwarki."