Bandar Baga a Guangzhou

Ma'azu ya sha faɗa a gaban jama'a cewa duk faɗin Guangzhou babu harshen da ya san kifi irin nasa. Jikan masunta ne shi, in ji shi, kakansa har gaisawa yake da kadojin kogin Wudil. A rufe masa ido a sa masa tsoka ɗaya a baki, zai faɗi ruwan da aka kamo ta, in an matsa masa ma ya faɗi sunan mai komar. Shi ya sa kifin teku bai taɓa shiga tukunyarsa ba. Bandar Baga kaɗai yake ci, wadda Innarsa ke aiko masa daga Kano ta hannun 'yan kasuwa.

A kasuwar Canaan ta Guangzhou da dilolin riguna aka san shi. Ɗayar sana'ar ba ta shiga hira.

Shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, 'yan sanda suka matsa da duba biza, masu saye suka ragu, sai ya ƙara ƙarfi a ɗayar sana'ar, ta kifi. Ƙasan gundumar Panyu, kudu da Guangzhou, inda kogi ke faɗawa teku, manyan jirage na dawowa da koma mai share ƙasan ruwa, ba ta barin babba ba ta barin ƙarami. Na kirki a tsince a kai otal. Sauran, 'yan ƙananan da ba su isa kamu ba da waɗanda nauyin 'yan uwansu ya murƙushe tun a ruwa, a jibge su a gaɓa cikin rana, su zama taki ko abincin aladu. A daminar nan ma ruwan ya yi wani ja-ja, kifaye suka riƙa tasowa da kansu ciki sama, fari fat iya ganinka. Masu jirgi ba su ƙi kwasa ba.

Daga wannan tsibin Ma'azu ke zaɓa, hula toshe da hanci. Wani tsoho ɗan China ya cire kawuna, ya daddatsa, ya banda har su yi baƙi ƙirin. In hayaƙi ya gama aikinsa, ko uwar kifin ba ta gane shi. Kwalaye su shige ƙarƙashin riguna, kwantena ta kama hanya, abokin cinikinsa Alhasan ya tarba a Kano ya baza a rumfa da sunan bandar Baga. Wa ke ci? Bai taɓa tambaya ba. Kano da faɗi.

Abin da ya hana shi sukuni a gida yake. Matarsa Radiyya na ɗauke da cikinsu na fari bayan dogon jira, kuma ba ta da lafiya: amai, gudawa, ƙuraje har wuya. Ma'azu ya yanke hukunci cewa abincin 'yan China ne. Ya hana ta taliyar titi, ya hana ta ko lemon kasuwa. Miyar banda safe da yamma, ya ce ita za ta gina yaron. Da hannunsa yake cire mata ƙaya.

"Maigida, gishirin kifin nan ya yi yawa," in ji ta. "Har yashi nake taunawa."

"Kanwar tafki ce. Tafkin Cadi na janyewa, ruwan ya yi kauri. Ke ina kika san kifi? Ci."

Ta ci. Ta rame, idanu suka zurma. Shi ma cikinsa kan murɗa, ya ɗora wa damuwa.

Wata safiya ta ce tun jiya yaron bai motsa ba. A asibiti aka ji bugun zuciyarsa, amma a raunane. Aka kwantar da ita, likita ya ce a kawo duk abin da take ci a duba. Ma'azu ya kwashi shinkafa da mai da ruwan gora ya kai. Bandar kuwa ya bar ta, abin da ya fito daga hannun Inna ba ya buƙatar bincike.

Ana cikin haka Ilu ya sauka don baje kolin Pazhou da ake yi a Guangzhou. Ɗan unguwarsu ne, shi ke fito masa da kwantena a can gida, don haka ya san abin da ke kwance ƙarƙashin riguna. Ya iske Ma'azu a barandar asibiti, ya miƙa masa sabon ƙullin Inna, hannunsa kamar ba ya son saki.

Ma'azu ya kwance, ya ɓalli tsoka, ya lumshe ido yana taunawa.

"Baga," ya ce. "Gabas da Doron Baga ma, inda ciyawa ta yi yawa. Bari a haɗa wa Radiyya romo."

Ilu bai yi dariya ba. "Mutumina, me ka gaya wa Inna tsakaninka da rumfar Alhasan?"

"Cewa na yi na sa jari a bandar Baga. Me kake so in ce wa tsohuwa?"

Ilu ya dubi ƙofar ɗakin da Radiyya ke kwance, sannan ya dubi bakin Ma'azu da bai gama taunawa ba.

"To ta yarda da kai. Ni na raka ta kasuwa wannan karon. Ta ce tun bara ta daina zuwa wajen bare, duk ƙullin da ta aiko maka a rumfar Alhasan take saye, tunda rumfar ɗanta ce."