Mawaƙiyar da ta rera asirin uwarta

Kai da kake cewa duk abin da ya taɓa ranka sai ka sa shi a baiti, gyara zama in ba ka misalin wata yarinya.

A wani birni na ƙasar Ingila aka haife ta. Uwarta 'yar tsibiran Filifin ce da ta zo aikin jinya, ubanta kuwa Bature ne, direban jirgin ƙasa, mutum mai kawaici. Yarinyar ta tashi ba ta cika nan ba, ba ta cika can ba. A makaranta ana tambayarta daga ina aka kwaso ta, in dangin uwa sun bugo waya kuma sai su yi ta dariyar yadda take karya harshensu. Sai ta shige ɗaki ta rungumi jita. Ba ta da ubangida: ita ke tsara waƙa, ita ke kiɗa, ita ke ɗauka a waya ta sa a intanet. Masu sauraronta kaɗan ne, amma suna sonta.

Wata rana uwar na wankin shinkafa, sai hawaye ya ƙwace mata, ta gaya wa 'yar abin da ko mijinta bai sani ba. Kafin ta baro tsibiri ta haifi ɗa ba da aure ba, ta bar shi jariri a hannun tsohuwarta. Yaron ya girma yana kiran kakarsa uwa, yana kiran uwarsa yaya. Uwar ta ce, "Na gaya miki ne don kayan ya yi mini nauyi, kuma ba ni da wanda ya fi ki." Maganar ta tsaya wa yarinyar a ƙirji, ita kuwa ba ta san wata hanyar sauke kaya ba sai waƙa. Sai ta tsara waƙa a kan asirin, ta lallashi kanta cewa ai ba ta ambaci suna ba. Amma ta ambaci ƙauyen, ta ambaci gaɓar da ake ɗaure kwalekwale, ta ambaci uwa mai farar rigar asibiti da ke kallon teku a hoto. Waƙar ta fi duk waƙoƙinta kyau. Kan ka ce kwabo ta bazu, gidajen rediyo suka ɗauka, wani kamfani ya saye ta.

Uban ya ji ta a ɗakin hutun tasha yana shan shayi. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba ɗan ne ya dame shi ba, shekarun da aka yi ana kallon idonsa ana ɓoye masa ne, ya haɗa kayansa ya koma gidan ƙaninsa. Matan Filifin da uwar ke zuwa coci da su suka fara yin shiru in ta shigo. Can tsibiri kuwa, maƙwabta suka kunna wa ɗan waƙar yana ɗinkin taru, ya je ya tsare kakarsa da tambaya, daga ranar bai sake ɗaga wayar uwarsa ba. Yarinyar ta goge waƙar daga shafinta, ta tarar ta riga ta bazu a shafuka dubu. Ta roƙi kamfanin, suka ce ai yanzu ba tata ba ce.

Da aka gayyace ta wani babban bikin waƙa a fili, ta ƙudurta ba za ta rera ta ba. Jama'a suka yi ta kiran waƙar. Ta ajiye jita, ta gaya musu ta daina yin ta har abada. Su kuwa suka ɗauka salo ne, sai suka kama rera waƙar da kansu, baiti bayan baiti, suna murmushi suna kaɗa hannu. Ta tsaya a dandamali tana jin asirin uwarta na fitowa daga bakin dubban mutanen da ba su san ko sunan matar ba, kuma babu bakin da za ta iya toshewa.

Da ta koma gida ta iske ƙofa a kulle. Uwar ta ajiye aiki ta tafi tsibiri, tana zaune a ƙofar ɗan da ya ƙi buɗe mata. Yarinyar ba ta sake iya haɗa baiti biyu ba. Har yau in ta shiga kanti sayen burodi takan ji muryarta na tashi daga lasifika, sai ta ajiye kwandon ta fita.

Ka ji shi ya sa magabata suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.