Wuƙa a Wuyan Saniya

Dattijon ya riga ya ɗora wuƙa a wuyan saniyarsa. Gyauron dawa ta ci, cikinta ya kumbura tim. In ya yi jinkiri, mushe ce.

"Baba, dakata!"

'Yarsa ce, wadda ya daina yi wa magana tun da ta gama sakandare ta bar Kebbe, wai sai ta koyi jinyar dabbobi a Tambuwal.

"In ta mace fa?" ya daka mata tsawa.

Ta buɗe jakarta. Ta caka bututun ƙarfe a kwiɓin saniyar. Shiru. Can sai iska ta fara fita, saniyar ta ja numfashi.

Ya ajiye wuƙar, ya durƙusa.

"Ɗiyata, mi zan riƙa miki?"